Na Yanka Maƙwabcina Sau Ɗari a Raina

Mama Zifora, ki cece ni, saura kwana shida azumin Yom Kifur, babbar ranar neman gafara a addininmu.

Ni ne mai yi wa jama'armu yanka. Bara aka sassare min saniya da adda. Na tarar da ita kwance a gonar ayaba, jijiyoyin ƙafa a tsinke, tana kuka kamar mutum. Zuciyata ta ce Natan ne, maƙwabcina, don mun taɓa cacar baki kan iyakar gona. Tun ranar, duk sanda na wasa wuƙa na gwada kaifinta a farce, maƙogwaronsa nake gani. Na yanka shi a raina ya fi sau ɗari. Shi kuwa bawan Allah, shi ke danne min dabba, wuyansa dab da hannuna, yana ta barkwanci!

Ranar auren 'yarsa na yanka masa akuya, na duba huhunta yadda addini ya ce, lafiya lau. Na ce akwai ciwo, ta haramta. Surukai suka ci matoke, wato dafaffiyar ayaba, da wake ba nama, suna gunaguni. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Makon jiya mai laifin ya amsa da bakinsa. Ba Natan ba ne. In je in zazzage masa komai? Ina tsoron rasa shi.

Mai Rawar Hannu, Mbale

Ɗana, wanda ya ga dabbarsa a haka dole jininsa ya tafasa, ban ga baƙinka a nan ba. Amma laifinka biyu ne, kada ka cakuɗa su.

Zancen akuya aiki ne, ba tunani ba. Azumi ba ya wanke haƙƙin mutum sai mai haƙƙin ya yafe. Ka ajiye wuƙa, ka gaya wa rabbi, malamin jama'arku, ƙaryar da ka yi. Sannan ka sami Natan, ka ce ka zarge shi a banza, ka kuma haramta masa halal, sai ka roƙi gafararsa, ka sa masa albarka. In ya kore ka, koma har sau uku.

Zancen maƙogwaro kuwa, bar shi tsakaninka da Ubangiji. Na san gaskiya na cinka, amma in ka amayar da ita, kai za ka samu sauƙi, shi kuma ba zai ƙara ba ka baya ba har ya mutu. Wannan ba tuba ba ce, yanka ne na ɗari da ɗaya, kuma shi ne kaɗai yankan da Natan zai ji zafinsa.

Allah ya rubuta ku biyun a littafin rai.