Asusun da Ake Son Rufewa Kafin Ƙarshen Wata

Daga: Malamar aji huɗu, 'yar tsohuwar ungozoma,
Gida mai lamba 9, layin bayan asibitin haihuwa.
18 ga Nuwamba.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Sashen Sauraron Koken Masu Zuba Jari.

Game da: Yunƙurin manajan asusu na cin kaso a kan asarar da bai mayar ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto ne a madadin mahaifiyata, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana karɓar haihuwa, yanzu kuma idonta ba ya ganin ƙananan rubutu. Don kada a ce na ɓoye wani abu, manajan da nake ƙorafi a kansa shi ne mutumin da zan aura a watan Janairu. Ga bayanin.

1. Ranar 3 ga Maris na shekarar bara waccan, Mama ta zuba kuɗin sallamarta kaf a asusun da yake gudanarwa. Sharaɗin shi ne, in an ci riba ya ɗauki kashi ashirin cikin ɗari. In an yi asara, ta masu kuɗi ce su kaɗai. Kariya ɗaya aka ba mu: idan asusun ya faɗi, ba zai sake ɗaukar ko sisi ba sai kuɗin sun koma inda suka taɓa kaiwa. Ni na karanta mata, ni na ce ta sa hannu. Na yi karance-karance a rayuwata, Yallaɓai, amma ranar ba takardar nake kallo ba.

2. Ranar 31 ga Disamba na shekarar da ta zuba kuɗin, aka ce an ci riba, ya cire kasonsa. Daga baya na gano ba a sayar da komai ba. Wasu rumbunan ajiya ne guda uku da asusun ya saya, mai ƙiyasin da shi manajan ya ɗauko ya ce darajarsu ta tashi. Riba a takarda, kaso a aljihu.

3. A bara asusun ya faɗi da kashi ɗaya cikin uku. Tun daga nan bai karɓi komai ba, kuma tun daga nan dariyarsa ta canza.

4. Ranar 9 ga wannan wata ya zo gidanmu da takardar komawa wani sabon asusu, har da biro a hannu. Ya durƙusa ya gaida Mama, ta ce da shi ɗana, ya tsokane ta cewa ta tara dukiya tana ɓoye wa surukinta. Na ce a bar mini takardar. A shafi na goma sha ɗaya na ga cewa sabon asusun zai fara ƙirga riba daga inda kuɗin suka faɗo. Ke nan duk abin da ya dawo cikin asararmu sunansa riba, kuma zai yanki kasonsa a ciki. Kariyar nan ɗaya tilo ta tafi.

5. Da na tambaye shi, bai musa ba. Ya ce haka aikin yake, ma'aikata ba sa cin haƙuri. Ya ce duk wanda bai sa hannu ba zuwa 30 ga wata za a bar shi a tsohon asusu tare da rumbunan nan, waɗanda, a faɗarsa, ba mai saye. Ya faɗa a hankali, yana gyara mini mayafi, ya ƙara da cewa kason nan ai gidanmu zai shigo.

6. Ranar 15 na je ofishinsu a hawa na uku. An kwance allon sunan asusun, sai ramukan ƙusa huɗu a bango. An jera fayiloli cikin kwalaye a bakin ƙofa. A kan benci na iske tsofaffi bakwai, kowanne da takarda irin tamu a cinya, sakatariya na bin su tana nuna musu inda za su sa hannu. Ba wanda aka buɗe wa shafi na goma sha ɗaya.

Don haka nake roƙon ofishinka, cikin ladabi, da ya dakatar da wannan sauyi kafin ranar 30, ya hana fitar da kwalayen nan, ya turo mai ƙiyasi na daban ya duba rumbunan, sannan a karanta wa kowane mai kuɗi sharaɗin da babbar murya. Kwana goma sha biyu suka rage.

Mama ba ta da wani abin dogaro bayan kuɗin nan, kuma har yau tana sa masa albarka bayan kowace salla. Ni ma, Allah ya sani, ban daina sonsa ba. Da ma zuciya na bin doka. Amma da safiyar yau ya dawo karɓar takardar, na tsaya a tsakar gida na faɗa masa, Mama na ji, cewa ba za ta sa hannu ba, cewa zan kawo ƙararsa gabanka, kuma in aka kira ni shaida zan zo, ko da babu sauran Janairu.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Malamar aji huɗu, a madadin mahaifiyarta.