In Na Sayi Injin Kiɗan Nan, Ina Kuma Zan Riƙa Zuwa?

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Don Allah ƙanwata ki taimake ni da shawara, kuma kada ki yi mini dariya, ko da yake in kin yi ma ba zan ga laifinki ba. Na ce ƙanwata ne saboda daga hotonki da ake sakawa a saman filin nan na san na girme ki nesa ba kusa ba. Matsalata ba ta aure ba ce, ba ta gado ba, ba ta ciwo ba. Injin kiɗa nake son saya, na kasa saya, na kuma kasa haƙura. Ni kaina da na rubuta haka sai da na ji kunya.

Bari in ɗauko miki daga tushe. Yawancin shekarun aikina a ɗakin waya na wani babban asibiti na yi su, tun ana haɗa kira da hannu. Yaran yanzu ba su san wannan aikin ba. Allo ne a gabanki mai ramuka jere-jere, da wayoyi masu kan ƙarfe. Fitila ta kama, ki soka waya, ki ji wa ake nema, ki soka ɗaya bakin a ramin wancan, shi ke nan sun haɗu. Abin da aka fara koya mana, aka kuma yi ta nanatawa, shi ne da zarar mutum biyu sun ji muryar juna, ke ki fita daga layi. Ko numfashinki ba a son a ji. Na ji farkon albishir ba iyaka, na ji farkon kuka, amma ban taɓa jin ƙarshen ko ɗaya ba. Daga baya aka kawo na'ura mai yin komai da kanta, aka mayar da ni ɗakin ajiye takardu har na yi ritaya.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya daɗe da rasuwa. 'Yata ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisa. Tana kira, ba zan ci haƙƙinta ba, amma kira ne na tsaitsaye, tana yi mini magana tana kwaɓar yara. Ina zaune ni kaɗai a saman bene, ɗaki biyu da falo. In na ce miki akwai ranar da ba na buɗe baki sai in zan yi salla, kada ki ce ƙari na yi. Firij ne mai surutu a gidan nan. Har na san lokacin da zai yi tari ya yi shiru.

To, wata rana na je gyaran tabarau, na tarar mai shagon ya fita, aka ce in ɗan jira. Ina tsaye sai na leƙa shagon da ke kusa, na kayan kiɗa. Ta gilashi na hango wani akwati a kan tebur, duk jikinsa ramuka, ga wayoyi ja da shuɗi da rawaya sun sarƙe. Wallahi sai da na matsa kusa da gilashin. Allon aikina ne sak, sai dai ƙarami. Ban san lokacin da na tura ƙofa ba.

Mai shagon, wani dogo mai furfura a gemu, ya ce sunan abin sintisaiza, irin wanda suke cewa modula. Ba kamar fiyano ba ne da za ka danna ya amsa. Ƙananan alluna ne ake jerawa cikin akwati, kowanne da aikinsa. Wannan ya haifi sauti, wannan ya tace shi ya rage masa kaifi, wannan ya riƙa buɗe shi yana rufewa kamar numfashi. Amma babu wanda ya san ɗan uwansa sai ka haɗa su da waya. Kuma ba ya riƙe komai a ka, in ka zare wayoyin sautin da ka gina ya tafi, ko ka mayar da su ba lallai ka same shi yadda yake ba. Ya ce a shagonsa ba a saya sai an gwada. Ya ja mini kujera, ya miƙo mini hedifon. Ranar ko tabaran ban karɓa ba.

A cikin injinan shagon, guda biyu na ware. Na ɗaya ɗan ƙarami ne, an riga an haɗa shi ta ciki, kina kunnawa zai yi magana, wayoyin sai in kina son canza masa hanya. Mai shago ya ce shi ya fi dacewa da mai farawa. 'Yata ma ta ce in dai ya zama dole in ɗauki wannan, ko ma in sauke irinsa a waya in huta, wai me zan yi da abin da ba ya fitar da waƙar da mutum zai gane. Na biyu akwati ne mai hannu, alluna 'yan kaɗan a ciki, rabinsa wayam, kuma bebe ne sai na haɗa shi da hannuna. Ba sai na faɗa miki wanda raina yake so ba. Tun farkon zuwana na sani.

Amma sai na ci gaba da zuwa gwaji, wata da watanni. Kullum da sabon dalili. Yau in ce ina son in ji ko maɓallin nan yana ƙara in an murɗa shi, gobe in ce ramin can kamar ya yi sako-sako. Oh ni, ko mai sayen gida bai yi binciken da na yi wa akwatin nan ba! Mai shago bai taɓa ɗaure mini fuska ba, da ya hango ni zai goge kujerar.

Akwai wani dattijo, tsohon direban bas, kowa Direba yake ce masa, yana zuwa gwada injin ganga a teburin da ke kusa da nawa. Shi kam ba ruwansa da hedifon, a sifika yake sakin abinsa yana kaɗa kai, su yi ta musu da mai shago kan ko kiɗa ne ko tayar mota ce ta fashe. Ni ina gefe da hedifon, amma na zame kunne ɗaya ina jin su. Wannan ma tsohuwar dabarar aiki ce. Ba na sa baki. In ji mutane suna musu kusa da ni kawai ya ishe ni in koma gida da sauƙin zuciya.

Rannan na dace da wani sauti mai kauri, yana tashi a hankali yana sauka, kamar mutum na rera waƙa ƙasa-ƙasa a ɗakin kusa yana harkarsa, kin dai san akwai mutum a gidan. Ashe murmushi nake ta yi ban sani ba. Sai Direba ya ƙwanƙwasa teburina, ya nuna sifika, wai in bari su ma su ji abin da ya sa ni fara'a haka. Ƙanwata, kin san abin da hannuna ya yi? Kafin in yi tunani na zare wayoyin kaf, fat-fat-fat, yadda muke yi a asibiti in shugabar ɗakin waya ta tsaya a bayanmu, kada a ce mun zauna a layi. Sautin ya tafi. Bawan Allah ya ba ni haƙuri, ya koma wurinsa. Tun ranar daga nesa yake gaishe ni, kuma shi ma ya fara sa hedifon. Shagon ya yi tsit, kuma ni na jawo. Na nemi sautin nan har na gaji ban same shi ba.

Ana haka sai mai shago ya ce mini, cikin girmamawa, wani ya nemi akwatin mai hannu, kuma shi kaɗai ya rage, amma ya ce masa ya dakata domin ni na riga shi. Ya ce in yanke shawara kafin wata ya ƙare. Kuɗin ba su ne damuwata ba, na tanada. Damuwata ita ce in na saya zan kawo shi falona, mu zauna ni da shi da firij. Da wane dalili zan sake tura ƙofar shagon? In kuma ban saya ba, a ɗauke shi, nan ma dalili ya ƙare. Tun ranar ban koma ba. In la'asar ta yi sai in sa mayafi, in zauna a bakin gado, in jima, in cire. Kewa na damuna, ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba.

In saya ko in bari? In kuma saya zan yi, wanne? Ki gafarce ni da tsawon surutu, na kwana biyu ban samu mai ji ba.

Taki,
Tsohuwar mai haɗa layi

AMSA

Yaya,

Na yi dariya sau ɗaya, a wurin firij mai tari, daga nan kuma ban sake ba. Ba ki yi surutu ba, kuma babu abin kunya a cikin wasiƙarki.

Mu fara da injin. Ni ban san kansa ba, don haka na tambayi wani abokin aikinmu da ke haɗa sauti a situdiyo. Ya ce mai shago da 'yarki suna da gaskiyarsu. Wanda aka haɗa ta ciki ya fi sauƙi, ya fi sauƙin ɗauka, kuma masu farawa da yawa sukan sayi akwati bebe, su yi ta soke-soke ba su ji komai ba, su tura shi ƙarƙashin gado. Amma wannan tsoron na wanda waya ke ruɗawa ne. Ke hannunki ya san waya tun kafin a haifi wasunmu, kuma haɗawar ce take faranta miki rai. In kika sayi ƙaramin don a ce kin ji shawara, za ki riƙa kallonsa kina tuna ɗayan. Ki ɗauki mai hannu.

Kafin ki biya, ki tambaya ko wutar akwatin za ta ɗauki ƙarin alluna nan gaba, da kuma wa zai gyara in ya samu matsala. Ki ɗaga shi ki taka da shi zuwa bakin ƙofa, domin ke za ki riƙa hawa bene da shi. In kin dace da sauti mai daɗi, ki ɗauki hoton wayoyin kafin ki zare. Wancan da ya ɓace kuwa, ki bar nemansa. Hannun da ya gina shi yana nan.

Game da rabin akwatin da kika ce wayam ne, abokin aikin nan ya yi murmushi. Ya ce masu irin wannan injin ba sa gama saye, a hankali suke cika shi, kuma sukan ɗauko akwatinsu su kawo shago su gwada sabon allo a ciki kafin su saya. Kin ga dalilin da kike nema yana cikin akwatin tun farko. Sai dai ba na son ki sake fakewa da dalili. Mutumin da ke goge miki kujera, ya kuma dakatar da mai saye saboda ke, ya daɗe da sanin ba ramin da ya yi sako-sako ke kawo ki ba. Ki faɗa masa kai tsaye cewa zaman wurin yana yi miki daɗi, ki tambaye shi ranar da ba cunkoso. Amma ki tuna shago wurin neman abinci ne, kada ya zama ita ce ƙofa ɗaya tilo da kike turawa. Ki tambaye shi ko masu wannan sha'awar suna haɗuwa a wani wuri. 'Yarki ma, ran da ta kira, ki ce ta ba jikokinki wayar ki kunna musu. Yara ba sa tambayar ko waƙa ce.

Direba kuwa yana bin ki bayani. A ganinsa ya shiga hurumin da ba nasa ba, shi ya sa ya toshe kunnuwansa. Ki ba shi labarin allon asibiti da shugabar ɗaki kamar yadda kika ba ni. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙi ya san yadda ƙafa ke taka birki kafin kai ya yi tunani, zai gane.

Saura gwaji ɗaya, kuma shi ne ba ki taɓa yi ba duk tsawon watannin nan. Ba ki taɓa jin injin a sifika ba. Abokin aikina ya ce sauti mai kauri irin wanda kike so yakan canza in ya fito fili, wani ya ƙara daɗi, wani ya yi ta karkarwa, don haka bai kamata a saya ba a ji shi a ɗaki ba. Kin ga ko don cinikin ma dole ne. Gobe in la'asar ta yi, ki sa mayafin, kada ki zauna a bakin gado. Ki je ki haɗa wayoyinki, ki ajiye hedifon a kan tebur, ki ce wa Direba ya cire nasa. In sun ce tayar mota ce ta fashe, ki yi musu da su.

An koya miki ki haɗa mutane ki fita, kin kuma riƙe amanar aikin har ƙarshe. Wannan kiran kam ke ake nema, Yaya. Ki zauna a layi ki ji ƙarshen maganar.

Allah ya sa ki saya a sa'a, ya yaye miki kewa, ya cika miki falo da baƙi har ki daina jin tarin firij.