Ashe ba kofi ba ne

Laraba da dare, Maamobi

Yau itacen nan na cikin bokitin fenti ya yi fure, ƙanana farare a cure a kan reshe.

Shekara uku ke nan da na tono shi a gonar kokon marigayi Baba, ranar da muka sayar da ita. A zatona itacen kofi ne. Na ajiye shi a rana kamar barkono, ganyen ya yi ta ƙonewa. Hajiya mai gidanmu har ta ce, "Rabi, zubar da mataccen abin nan mana!" Sai bara na tuna a ƙarƙashin manyan itatuwa na same shi, na ja shi inuwar tankin ruwa.

Na tura wa 'yata Zainabu hoton, tunda tsirrai take karanta a jami'a. Nan take ta bugo: "Mma, wannan ba kofi ba ne! Rinorea ne, ɗan kurmi, dangin furen bayolet."

Na ɗan ji kunya, sai kuma dariya ta kama ni. Da ma ba don in sha na ɗauko shi ba. Gona ta tafi, amma ga abin gonar Baba yana fure a bayan tanki. Da safe Hajiya zan fara kira ta zo ta gani.