Tsuntsayen Sanyi Sun Kusa Tashi

Daren Laraba, ƙarshen sanyi

Tun ranar da mijina Yaya Bashir ya sayar da motarsa nake ɗaure masa fuska. A littattafan da nake karantawa, a mota miji ke fita da matarsa. Shi kuwa kullum da la'asar sai ya ce, "Amarya, taso mu taka bakin kogi ta Rafin Guza, tsuntsayen sanyi sun sauka." Ni kuma in ce ba na yawon ƙafa.

Yau ya sa takalminsa bai ce mini komai ba.

"Yaya, yau babu tayi?"

"Na daina takura miki. Su ma sun kusa tashi."

Ko shafi ɗaya na kasa karantawa. Gobe zan zura hijabina in bi shi.