Ka Maido Karsana Ba Ta Haihu Ba

Zuwa ga Illo, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan fari da ke sauka kan tudun Issawane ya ta da ƙamshin ƙasa. Zuwa ga wanda ban taɓa kiran sunansa gaban mutane ba saboda kunya, yau ga shi na rubuta shi ɓaro-ɓaro a saman takarda, don tsoron da ke cikina ya fi kunyar ƙarfi.

Bayan sallama, ba zan tambaye ka lafiya ba. Na san amsar. Lafiya lau za ka ce, kamar yadda kake ce wa kowa, alhali kwarmin idonka ya zurma, rigar da ta matse ka bara yanzu iska ke yawo a cikinta. Ni Kadijatu ce, ba matafiyi ba ce da kuka haɗu a tasha. Kada ka ba ni lafiya lau.

Ka tuna ranar da ka zo Tchaké karɓar karsana? Shekarar nan da ciyawa ta ƙi, shanun gidanku suka zube ɗaya bayan ɗaya, Baba ya kira ka ya ba ka haɓɓanaye, ja mai farin goshi, ya ce ta zauna hannunka har ta haihu, maruƙan su zama naka, sannan ka maido masa uwar, kamar yadda kakanninmu ke tayar da garken wanda ya faɗi. Ka ɗaura mata igiya kana taƙama, wai kai ga makiyayi, ga mai bak, takardar gama sakandare, a aljihu. Ba ka kai bakin danga ba ta fizge, ta ja ka cikin gonar wake, takalminka ɗaya ya yi gabas, hularka ta yi yamma, kai kuwa ka ƙi sakin igiyar, kana ja kana dariya har haƙoranka na ƙarshe. Ni da ke laɓe bayan bukka sai da na ɓarar da rabin ƙwaryar nono, Inna ta zage ni tas, ban ji zafi ba. Ranar na ce a raina, wannan mai taurin kan da ba ya sakin igiya, shi nake so. Ina dariyar nan ta tafi, masoyina? Wa ya ɗauke mini ita?

Sai ga ka makon jiya, ka koro ta har ƙofar gidanmu, cikinta ya tsufa, hantsarta ta fara cika. Illo, a ina aka taɓa yin haka? Wane makiyayi ne zai sha wahalar rani da saniya, ya sassabo mata ganye, ya ja mata guga har tafinsa ya yi kanta, sannan ana gab da ganin ɗan maraƙi ya ce ga kayanku? Ba a yi. Ko tsofaffin rugarmu sun ce ba su taɓa ji ba.

Kowa ya fassara abin yadda ya ga dama. Baba ya ɗauka raini ne, ya ce ɗan lakkol, ɗan boko, ya ga kiwo ya yi masa ƙanƙanta. Inna ta ce bida za ka tafi, Aljeriya ko wajen zinariya, kamar sauran samari. Yaya Ishaƙu kuwa har da dariyarsa, wai ka samu wata a Tasawa mai jan baki, ka fasa da ni. Wallahi da ma hakan ne! Da na yi kukana na share, na san dai kana wani wuri kana numfashi.

Su saniya suka kalla, ni kai na kalla. Na ga yadda ka daɗe kana shafa goshinta kamar mai sallama da ɗan'uwa. Na ga ka bar igiyar a wuyanta, ka jingine sandarka jikin danga ka juya ba ka ɗauka ba. Sandar da kake kwana da ita a gefe? Kuma fuskarka a kwance take lumui, irin kwanciyar da rabona da ganinta tun kafin ka rame. Wannan shi ya fi tsinka mini zuciya. Mai tafiya bida zumuɗi yake yi, mai sabuwar budurwa sunkuyar da kai yake yi. Kai kuwa ka yi kama da wanda ya gama shawara da kansa, ya fara raba abin da ke hannunsa. Tun ranar, da waya ta yi ƙara sai in ruga in duba ko labarinka ne.

Na san abin da ke cin ka, ya hasken safiyata, ko da ba duka ba. An cire ka daga bayan shanu kana ƙarami aka kai ka lakkol, aka ce kai ne za ka fitar da gida. Ka yi karatun, ka samu takardar, ka kai dosiyen neman aiki wannan biro na gwamnati da wancan, ka zauna konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikata, har ka gaji, shiru. Ka koma ruga, ana yi maka kallon wanda boko ya kashe wa hannu. Ka shiga Tasawa, ana ce maka ɗan daji. Burtalin da kuke bi gonaki sun cinye shi, ko'ina ka juya da dabba faɗa ne. In ka zauna fada shan shayi, kowa kansa na kan waya, ana nuna maka hotunan sa'o'inka a ƙasashen mutane jingine da motocin da ba nasu ba, kai kuma ka koma gida tsohonka ya dube ka, kallon nan ya fi zagi ciwo. Ka faɗa mini da bakinka ranar kasuwa cewa barci ya ƙaurace maka, ƙirjinka na dukan uku-uku ba gudu ba tsoron kura, wani lokaci numfashi ya tsaya maka kamar an ɗora maka turmi. Har ƙwayar nan ta ƴan kabu-kabu na ji an ce ka fara haɗiya don kanka ya yi shiru. Shin ya yi shirun?

Da ka buɗe baki a gida, munyal aka ce maka, haƙuri, namiji ba ya raki. To ni ina ce maka ka yi rakin. Ka yi shi a gabana, ka yi kuka har majina, ba zan faɗa wa kowa ba, kuma ba za ka ragu da ko ƙwayar gero a idona ba. Wannan abin ciwo ne, Illo, kamar zazzaɓi, kamar ciwon haƙori. Ba ragwantaka ba ce, ba ƙarancin imani ba ne, ba kuma hauka ba ce da kake tsoron a liƙa maka a hana ka ni. Ƙawata Hafiza da ke aiki a likitar Mayahi, wato asibiti, ta ce samari da ƴan mata da yawa na zuwa da irinsa, majo, babban malamin asibitin, ya zauna ya saurare su, wani a ba shi magani, wani a tura shi gaba, kuma suna samun sauƙi. Ka sha rubutun da Innarka ke karɓo maka, Allah ya sa albarka, amma ka je can ɗin ma. Ina roƙonka don girman Allah.

Na yi abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Na durƙusa gaban Baba, ni da ko sunan garinku ba na iya faɗi in yana zaune, na ce masa ba raini ba ne, tsoro nake ji kada Illo ya cutar da ransa. Idonsa ya yi ja, ya kira Yaya Ishaƙu. Shi ne zai miƙa maka wannan takarda, yana kore da karsanar, sandarka na hannunsa. Baba ya ce bai karɓa ba, haɓɓanaye ba ta dawowa da ciki. Yaya kuma zai zauna wurinka, inda ka kwana nan zai kwana, har ku je Mayahi tare. Ka yi fushi da ni in ka so, ka ce na tona maka asiri. Na yarda. Fushinka na iya ɗauka, ɗayan ne ba zan iya ba.

Saura magana ɗaya. Jiya da hantsi saƙon muryarka ya shigo wayata, kana cewa in yafe maka duk abin da ka yi mini, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Na ji an ce haka ka bi gidajen Issawane kana neman gafara, tsofaffi na sa maka albarka, wai yaro ya shiryu, kowa na ce maka ya yafe duniya da lahira. Sun ba ka guzuri ba su sani ba. Nawa kaɗai ya rage, ko? Shi ya sa ka ga na saurara ban amsa ba.

To ka ji amsar. Ban yafe ba. Ba ka yi mini laifin komai ba, amma ban yafe ba, kuma ba zan yafe a waya ba, ba zan yafe a takarda ba, ba zan ba wani saƙon ya kai maka ba. Kana da sauran abu a hannuna, ba ka gama da duniyar nan ba. In kana son gafarata sai ka zo da ƙafarka ka nema, ni kuma in ce ka dawo gobe, gobe in ce ka dawo jibi. Haka za mu yi ta yi, ya rabin raina, har sai na ga furfura a gemunka, sannan in duba ko zan faɗa.

Taka ce, da lafiyarka da ciwonka, yau da duk ranakun da nake roƙon Allah ya bar mini kai,

Kadijatu
Tchaké