Yadda Muka Dawo da Dokin Baba daga Zariya

Zuwa ga Yaya Abdulsamad,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Binta da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya tsare ku a Fatakwal kamar yadda yake tsare mu a nan. Mutanen gida duk lafiya lau. Tumatir ya yi kyau bana, sai dai kasuwa ta faɗi kamar kullum idan kowa ya kwaso nasa lokaci guda. An yanke alkama, Gwaggo Asta ta warware daga zazzaɓin da ta yi, 'yata Ilham kuma ta shiga makaranta, kullum da sabuwar waƙa take dawo mana. Gwiwar Baba ta yi sauƙi sosai, har masallaci yake zuwa ba sanda.

Na kira ka a waya har na gaji ba ka ɗauka ba, kuma na san ka san dalili. Shi ya sa na ba Sagiru direba wannan takarda, tunda yau yake lodi a Kwanar Gafan zai yi wajenku, na ce masa kada ya ba kowa sai hannunka. Ka yi haƙuri da abin da za ka karanta. Kai ne babba, ban taɓa ɗaga maka murya ba, amma wannan karon raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ka tuna lokacin da aka yi wa Baba aikin gwiwa, kai ka zo ka ce dokinsa Akawal zai wahala a turke ba mai kula da shi, gara a kai shi gonar abokinka Alhaji Hambali da ke bayan Zariya, inda masu wasan folo suke ajiye dawakinsu. Ka ce can akwai likita, akwai ciyawa ɗanya rani da damina, da zarar Baba ya miƙe za a dawo masa da abinsa. Baba bai so ba. Dokin nan tun yana ɗan ƙarami ya saye shi, da hannunsa ya yi kiwonsa, shi yake hawa ya zagaya bakin kanal ya duba ruwan noman rani. Amma da yake kai ka faɗa, sai ya yarda. Tun da ya fara takawa ba shi da magana sai ta Akawal, kai kuma kullum amsarka ita ce a bari sai ka zo. Da ya ga zuwan naka ba rana, sai ya ce ko shi kaɗai ne zai hau mota ya je ya gan shi. Maigidana, Baban Ilham, ya aro motar ƙanensa, ranar Asabar da sassafe muka kama hanya.

Da ka ga shirin da tsohon nan ya yi, da ka ji kunya. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Ya cika bayan mota da harawa da dusa da kanwa, wai ko can ba su san irin wadda Akawal yake so ba. Ya sa aka auna wa Alhaji Hambali shinkafa, aka zaɓa masa albasa da kwandon tumatir mafi kyau, don a gode masa. Tun daga Kura har Kwanar Dangora labarin doki yake ba mu, yana dariya kamar yaro. Muka biya Samaru muka ɗauki ƙanwarmu Fa'iza a ƙofar makaranta, ita ma tana ta murnar ganin Baba.

Da Baban Ilham ya kira abokin naka ya ce ga mu a Zariya, sai ya ce kada mu wuce gona, mu jira shi, ai baƙi ba sa zuwa garinsu su tafi da yunwa. Ya zo da wata doguwar mota ya ja mu zuwa wani gidan abinci, irin mai sanyin nan da ƙofar gilashi, cike da ɗalibai kowa da waya a hannu. Ba zan yi ƙarya ba, an kawo abinci. Sakwara da miyar agushi, soyayyiyar shinkafa, gasasshiyar kaza, farfesun kayan ciki, kifi guda a faranti an yi masa ado da kabeji. Kafin mu taɓa wannan ya sa an kawo wancan. Bakinsa bai huta ba, daga labarin dawakin da ya sayo daga ƙasashen waje sai na yadda kuka yi makaranta tare. Baba ya ajiye cokali mai yatsu gefe, ya wanke hannu ya ci loma kaɗan, ya tambayi lafiyar Akawal. Alhaji ya ce lafiya lau, ya ƙara masa kaza. Can Baba ya sake tambaya, Alhaji ya ce ai yau ana feshin magani a barga, ba a shiga, mu kwana a masauki ko mu koma sai wani satin. A nan na ga Fa'iza ta daina cin abinci, ta sunkuyar da kai. Na taɓa ta a ƙarƙashin tebur, ta raɗa mini cewa akwai wani baƙin doki da ake kawowa bakin makarantarsu ana ba ɗalibai haya, ta sha ganinsa daga nesa gabanta yana faɗuwa, amma ta ce a ranta ba zai yiwu ba.

Yaya, abincin nan ya koma mini kamar ƙasa a baki. Na ture farantin na ce wa Alhaji mun gode da karamci, amma ba abinci ya kawo mu daga Bunkure ba, ko feshin wuta ake yi sai mahaifina ya ga dokinsa yau. Baban Ilham yana ta yi mini ido, ban kula shi ba. Mutane suka fara juyowa suna kallonmu, shi ya sa Alhaji ya tashi ya kai mu.

Gonar tana da kyau, wannan gaskiya ka faɗa. Fili ne kore shar iya ganinka, da shinge fari, da dawakai dogaye masu sheƙi, har fanka aka sa musu a barga. Ba wani feshi da ake yi. Baba ya bi ɗaki ɗaki yana leƙawa, babu Akawal. Sai can bayan katanga, inda ake zubar da kashin dawakai, muka same shi ɗaure a jikin wata darbejiya, ko inuwar kirki babu. Wallahi da ba don farin goshinsa ba da ban gane shi ba. Haƙarƙari duk a waje, gadon bayansa miki ne ɗanye inda sirdi ya ci, ƙudaje sun rufe shi, ƙafar gaba ta kumbura ya ɗage ta ba ya iya takawa. Ashe duk ƙarshen mako shi ake kaiwa gari, samari su yi ta sukuwa da shi a kan kwalta, 'yan mata su hau a ɗauke su hoto, daga safe har magariba. Baba ya tsaya daga nesa ya kira sunansa sau ɗaya. Dokin ya ɗago kai ya yi haniniya, ya yunƙura zai zo da ƙafa uku, igiya ta fizge shi.

Ban san lokacin da na fara yi wa abokinka faɗa ba. Na kira shi maci amana a gaban ma'aikatansa. Shi kuma da ya ji zafi sai ya ce kada in zage shi a banza, shi ba amana aka ba shi ba, kyauta aka ba shi. Ya ciro waya ya kunna saƙon murya. Muryarka ce, Yaya, har da 'yar dariyar nan taka. Kana cewa ya yi duk abin da ya ga dama da dokin, ka gaji da zancensa, Baba tsoho ne, kwana biyu zai manta. Baba yana tsaye a wajen, ya ji komai. Na so a ce ya yi faɗa, ko ya yi kuka. Sai ya tuɓe babbar rigar nan tasa ya lulluɓe bayan dokin saboda ƙudaje, ya kwance igiyar da kansa.

Alhaji ya ce a bari zai sa a kawo shi da motarsa wani satin. Baba ya ce ya gode, ya kuma sa aka sauke masa shinkafarsa da albasarsa da tumatir, wai da sunansa aka kawo. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Baban Ilham ya shiga gari ya samo wata motar ɗaukar kaya, kanta, da ta sauke kayan gwari za ta koma Kadawa ba kaya, aka shimfiɗa harawar, aka taru aka tura dokin ciki da ƙyar. Muka yi juyin duniya Baba ya shiga ƙaramar mota, ya ƙi. A bayan kantar ya zauna, daga shi sai 'yar shara, da sabuwar gwiwar tasa, yana riƙe da kan dokin har gida. Muna biye da su a baya ina kallonsa, ban daina hawaye ba har Kura.

Likitan dabbobi ya zo daga Bunkure ya duba shi. Ya ce mikin zai warke, zai kuma yi ƙiba in an kula, amma ƙafar ta riga ta lalace, ba mai sake hawansa har abada. Baba ya ce ba komai, dama shi ma ya kusa daina hawa.

Abin da nake so ka gane shi ne, ba dokin ne ya fi yi mini ciwo ba. Da ka zo ka ce wa Baba kana tsoron kada ya faɗo ya karye, ka roƙe shi ya rabu da shi, da ko ransa bai so ba zai ji maganarka, don bai taɓa ƙin ta ba. Amma ka yi masa ƙarya, ka kyautar da abin da ba naka ba, ka kuma yi dariya a kai a gaban bare. Kada ka aiko da shadda ko turare ka ce a ba shi haƙuri, ba zan miƙa ba. Kada ka sa Anti Binta ta kira ni, ba ruwanta. Ka zo da ƙafarka ka durƙusa a gabansa, ka kuma zagaya bayan gida ka kalli ƙafar dabbar nan da idonka.

Jiya da la'asar na same shi a turke yana wanke mikin da ruwan ɗumi, na ce masa zan rubuto maka, ko yana da saƙo. Na ɗauka zai ce babu. Sai ya ce in gaya maka ya sa an gyara gonarka ta bakin kanal kamar kowace shekara, in tambaye ka shinkafa kake so a zuba ko masara. Saƙonsa ke nan, na isar. Shi ya iya yafewa, ni ban iya ba tukuna.

Ka gaishe mini da Anti Binta, da Nasiru da Baraka, ka ce musu Ilham tana tambayarsu. Gwaggo Asta da Baban Ilham suna gaishe ku. Fa'iza ta ce ita ba ta da abin faɗa. Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya kawo ka gida lafiya.

Wassalam, ƙanwarka,
Ummulkhairi Ibrahimu