Ɗan Jingina a Gidan Numeriyus

Zuwa ga Yayata Plautiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ciwon ƙafar? Mu nan Rum lafiya lau.

Maigidana Numeriyus ya ci yaƙin Hisbaniya, Majalisa kuma ta yarda a yi masa zagayen nasara. Gari sai murna, ni kuwa tsoro nake ji. Kin tuna Ambatu, ɗan sarkin can da aka ba mu jingina tun bai iya ɗaura takalmi ba? Ni na yaye shi, ɗaki ɗaya suka tashi da ɗana Aulus. Yanzu gemu ya fara fito masa. Ubansa ne ya karya alkawarin zaman lafiya da Rum, ya kuma mutu a fagen fama. Yaron bai ma tuna fuskar uban ba, jiya ma tambayata yake wace riga zai sa ya tari Baba, wato Numeriyus.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Herenniya

Zuwa ga Yayata Plautiya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki. Yaya, ki zauna kafin ki karanta.

Da Numeriyus ya iso, ya rungumi Ambatu, ya ba shi alkyabba irin ta mutanen Hisbaniya da abin wuya na zinariya. Yaron har rawa ya yi. Washegari, cikin kayan nan aka sa masa sarƙa, aka tura shi gaban keken dokin maigida. Ashe tun da uban ya mutu, ba sarkin da za a nuna wa jama'a, sai ɗansa.

Na durƙusa na riƙe ƙafar Numeriyus. Ya ɗaga ni a hankali, ya gyara mini mayafi, ya ce, "Kin iya kiwo, Herenniya. Dubi kafaɗunsa, kowa zai yarda sarki ne."

Mutane suna jifansa da ruɓaɓɓen ɓaure, shi kuwa yana ta waige-waige. Da ya hango ni sai ya saki fuska, ya ɗauka na zo ɗaukarsa ne. A gindin dutsen haikali aka ware shi zuwa kurkuku, aka shaƙe shi yadda aka saba yi wa sarakunan da aka ci da yaƙi.

Aulus ya daina magana. Uban ya ce zai warke, ya sa an zuba ganimar garkuwoyi a ɗakin Ambatu.

Gobe baƙi za su zo cin abinci, masu zaɓe ne, don maigida yana neman muƙami. Ya ce in yi kwalliya, in kuma wanke idona da ruwan sanyi.

Taki, Herenniya